Igiyar da ta ci min tafin hannu

Shekarun baya, zamanin Faransawa na mulki, mahaifina ne mai yasar rijiyoyi a wajenmu na Madarumfa. Da rani, in ruwa ya ja baya, ƙauyuka sukan aiko a kira shi ya shiga ya kwashe laka. Ni ne ɗan farinsa, don haka kunya ba ta bari ya kira sunana, balle ya dafa ni a gaban mutane. "Kai" kawai yake ce min. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma abin yana yi min ciwo.

Wata shekara aka kira shi wani ƙauye wajen Safo. Ƙanensa da ya saba riƙe masa igiya yana kwance ba lafiya, sai ya ce in biyo shi. Ina da shekara ashirin lokacin, ina jin ƙarfi kamar ɗan maraƙi.

Rijiyar ta kai gaba goma sha biyu. An gicciya gungume a bakinta, ana naɗa igiyar sau ɗaya a jikinsa, a ɗaura wa mai shiga a ƙugu, mai riƙo yana saki kaɗan-kaɗan. Tun a hanya ya yi ta bayyana min cewa abu mai nauyi in ya kama hanyar ƙasa ba ya tsayawa a gudu ɗaya, kowace gaba sai ta fi ta baya sauri. Ina ta gyaɗa kai, ina cewa a raina sakin igiya kuma har wani karatu ne? A bakin rijiyar ya ƙara min guda ɗaya.

"In ta ƙwace maka, kak ka damƙe ta lokaci guda. Ko ta tsinke, ko ta karya mani baya. Matse ta sannu-sannu har ta gaji."

Ya yi bisimilla ya shiga. Gaba uku na farko lafiya lau. Sai 'yan mata suka taru da tulunansu suna kallo, ni kuwa gwanin banza na ga wannan saki na tsofaffi bai dace da ni ba. Na sassauta hannu don a ga na iya. Igiyar ta fara tafiya da daɗi, ta ƙara, ta ƙara, kafin in ankara ta daina jin maganata. Gungumen yana kuka, igiyar kabar tana wucewa ta tafina kamar wuta.

Duk jikina cewa yake in damƙe. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Amma maganarsa ta dawo min, na tokare ƙafa a gungumen, na matse kaɗan, na ƙara kaɗan, ina jin fata tana tafiya da igiyar. Gudun ya ragu, ya ragu, har ta tsaya. Abin da ya rage a bayana bai kai gaba ɗaya ba.

Shiru. Na leƙa na ce, "Baba?"

Daga can ƙasa ya amsa kamar ba abin da ya faru, ya ce in aiko da guga. Mazan ƙauyen suka karɓi igiyar daga hannuna, ya yi aikinsa har azahar. Ni ina zaune gindin bishiyar bedi, hannuwa a buɗe, ina jiran faɗan da na san na cancanta.

Da aka jawo shi, ko lakar jikinsa bai wanke ba ya nufo ni. Ya durƙusa, ya kama hannuwana biyu a gaban jama'a, ya daɗe yana duba su. Ya roƙi man shanu wurin wata tsohuwa, ya shafa min da yatsansa. Sannan, a hankali, ya kira sunana. Ya ce, "Ai ka riƙe ni."

Bai taɓa tayar da zancen sakacina ba, ko mahaifiyata bai gaya wa ba. Tabon yana nan a tafina har yau. Jikokina da ke lakwal, wato makarantar boko, sun ce ana koya musu lissafin ƙaruwar gudu da raguwarsa a allo, nakan yi dariya in buɗe musu hannu su gani.

Ranar da muka kai shi makwancinsa, ni na shiga kabarin na karɓi wajen kafaɗunsa. Mutane suna jira, rana tana dukansu, amma ban yi sauri ba. Sannu-sannu na sauke shi, yadda ya koya min.