Abin da Baba Kafinta Ya Fara Faɗa

Tun da aka naɗa shi dikon, wato mataimakin Fada, aka turo shi wannan coci, babu aikin da ya fi yi kamar gyara wa mutane baki. Duk inda ya gilma da farar rigarsa sai ka ji "Fada, Fada," shi kuma sai ya ja ya tsaya ya hau bayani. Shi ba Fada ba ne tukuna. Yana iya yin baftisma, ya ɗaura aure, ya binne mamaci, amma sauraron zunubi da yafe shi, wannan sai Fada. Tsofaffin mata su gyaɗa kai su ce, "To, mun ji, Fada." Matashi ne mai gudun kuskure, irin wanda ko kyandir zai kunna sai ya tuno yadda aka koya masa a makaranta.

Wata rana da hantsi, Fada ya tafi ƙauyukan da ke ƙarƙashin cocin, can inda waya ba ta shiga. Dikon yana jera littattafan waƙa sai ga wata tsohuwa ta shigo tana haki. Matar kafintan da ya ƙera bencunan cocin ce. Mijin ya yi shekaru rabonsa da ƙofar coci, ba wanda ya san dalili, ga shi yanzu likita ya ce a mayar da shi gida.

"Ɗana, Fada yake nema," in ji ta. "Ya ce akwai abin da ba zai tafi da shi ba."

Dikon ya kira Fada har ya gaji, sannan ya bi ta.

Ɗakin yana bayan shagon kafintan, sai da suka ratsa ta cikin katako da garin zarto. Tsohon yana kwance, ya rame ya zama ƙashi. Da ya hango farar riga sai idonsa ya yi haske, ya yi wa matarsa da 'ya'yansa hannu su fita. Ya damƙi wuyan hannun dikon.

"Fada, na yi zunubi. Lokacin da ƙanena yake da rai, ni ne na…"

"Baba, dakata. Don Allah dakata. Ni dikon ne, ba ni da ikon yafe zunubi. Fada zai dawo da yamma, ka riƙe masa."

Tsohon ya dube shi.

"In riƙe? Ɗana, ai riƙon ne ya mayar da ni haka." Ya numfasa. "To kai me kake iyawa?"

"Addu'a, Baba."

"Yi abinka."

Ya saki hannun, ya juya fuskarsa bango. Dikon ya durƙusa ya karanta addu'ar tuba, ya roƙe shi ya maimaita, amma bai ji komai ba. A tsakiyar addu'ar ne abin ya faɗo masa: an hana shi yafewa, ba wanda ya hana shi sauraro. Ya taɓa kafaɗar tsohon ya ce, "Baba, in kana so ka faɗa mini, ina jin ka." Tsohon bai juyo ba. Kafin la'asar ya cika.

Da Fada ya dawo ya ji labari, sai ya dafa shi ya ce bai karya doka ba, kuma jinƙan Allah ba a hannunsu yake ba. Gaskiya ce, dikon ma ya sani, amma ba ta sanyaya masa zuciya ba. Ya shiga ɗakinsa ya yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Shi aka bar wa jana'izar, ita ce ta farko a rayuwarsa. Ya yi komai daidai, ko kalma ɗaya bai tsallake ba. Bayan an rufe kabari, tsohuwar ta ratso mutane ta kama hannunsa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Shekara da shekaru abin nan yana hana shi barci, ko ni bai taɓa faɗa wa ba. Ba na tambayar mene ne. Ya dai sauke shi, ko? Ya faɗa maka?"

Ƙarya ba ta yiwuwa, shiru ma ba ya yiwuwa.

"Ya fara, Mama," ya ce.

Ba ta saki hannunsa ba. Ta ci gaba da kallon bakinsa tana jiran sauran maganar.