Rigar Aikin Babanmu

Babanmu kafinta ne, amma ba na gado da kujera ba, silin yake bugawa. Shekara talatin da ɗoriya ya yi a kan tsani, kai a ɗage, ƙusa uku a baki. Allunan asbesto yake yankawa da zarto, a bushe, farar ƙura tana zubo masa a ka. Abokan aikinsa suka laƙaba masa Furfurar Aro, don kullum da yamma tsoho yake dawowa gida, in ya yi wanka ya koma saurayi.

Mutum ne mai tsabtar tsiya. Ko kusa ba ya shiga ɗaki da rigar aiki. Tun daga bakin ƙofa zai tuɓe ta ya miƙa wa Ummanmu, ya wuce banɗaki. Ita ma Umma da tata ƙa'idar: ba ta tsoma riga mai ƙura a ruwa, wai ɓarnar sabulu ce. Sai ta kai ta lungun bayan kicin, inda iska ba ta shiga, don kada ƙurar ta sauka kan shanyar maƙwabta. Ta riƙe kafaɗun rigar ta yi ta buga ta da bango, ta zazzage aljihu, ta hure ɗinkin wuya da bakinta. In muka leƙo ta kore mu: "Ku ba ni wuri, kar ku ɓata kayanku!" Kayanmu take ji, wallahi, ba ƙirjinta ba.

Aka daina yayin asbesto, Baba ya koma buga wasu allunan. Muka girma, muka watse. Sai bayan shekara ashirin da wani abu Umma ta fara haki. Matakala uku ce a ƙofar gidanmu, sai ta huta a ta biyu. Muka ce tsufa ne. Baba ya ce ƙiba ce, yana tsokanarta wai ta cinye masa rabon abinci. Da tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na ɗauke ta sai asibiti, Baba na biye da mu. Hoto ya nuna ruwa a ƙirji. Aka zuƙe, ya dawo. Aka sake zuƙewa, aka ɗebi tsoka aka kai gwaji.

Ranar da sakamako ya fito, likitar ta tambaye ni ko Umma ta taɓa aiki a masana'anta. Na ce ina! Daga kicin sai igiyar shanya.

"Baba fa, mene ne aikinsa?"

Baba ya amsa da kansa, har da ɗan alfahari.

"Wa ke wanke kayan aikin?"

Umma ce ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta.

Likitar ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce a cikin ƙurar nan akwai zare siriri da ido ba ya gani, in ya shiga huhu ba ya fita, yana iya kwanciya shekara talatin kafin ya tashi da mutum. Na Umma ya zama sankara a fatar da ta lulluɓe huhu. Baba ya dafa ƙirjinsa ya ce, "To ni fa, 'yata? Ni na yanka." Ta ce shi ma za a duba shi, amma ba kowa take kayarwa ba. Aka duba, ɗan tabo kawai aka gani. Ban taɓa ganin mutumin da lafiyarsa ta ɓata wa rai haka ba.

Kafin mu fito ta ja mana kunne: in akwai irin silin ɗin a gida kuma bai fashe ba, kada a fasa, kada a huda, kada a kankare. Fasawar ce ke sakin ƙurar. Baba yana wurin, amma ashe kunnensa ya riga ya tafi.

Washegari da hantsi na kawo magani, sai na tarar da tsani a tsakiyar ɗakin Umma, Baba a sama da guduma. Shi ya buga silin ɗin da hannunsa shekarar da aka haife ni. Raina ya ɓaci, na manta da ubana nake magana.

"Baba, me ke damunka? Ba ka ji abin da likita ta ce ba?"

"Matsa. Ba zai ƙara kwana a kanta ba."

Umma tana jingine da filo uku, numfashi da ƙyar. Ta ce, "Malam, sauko. Wadda na shaƙa ba ta isa ba?"

Ya daɗe a tsaye kafin ya miƙo min gudumar. Da muka mayar da Umma falo, ya sayo fenti ya shafe silin ɗin sau biyu, a hankali, kamar mai shafa wa jariri mai.

Wata bakwai Umma ta ƙara a duniya.

Har yanzu Baba yana ɗan taɓa aiki, duk da allunan yanzu ba na asbesto ba ne. Da bokiti yake fita. In ya tashi, a can zai jiƙa rigar, ya ƙulle ta a leda ya taho da ita. Rannan na same shi a lungun bayan kicin, ya duƙa yana cuɗa ta, bayan nan nasa duk ya rankwafa. Tausayi ya kama ni, na ce, "Baba, kawo in wanke maka."

Ya janye bokitin zuwa tsakanin ƙafafunsa.

"Ba mai ƙara taɓa min riga," ya ce.