Kawu Altine da Kwanan Ƙasa

Ina kan keken ɗinki da hantsi wayar ta shigo. Malam Sani ne, maƙwabcinmu na gona, daga fadamar Kaoje. Ya ce sun tarar da Kawu Altine kwance rigingine a ƙasa, ba ya motsi. Ban ko tsayar da keke ba na ce su ƙyale shi, wurin kwana yake zaɓa. Malam Sani ya ce, "Tela, wannan karon mun taɓa shi."

Duk wanda ya san yayan mahaifiyata ba zai ga laifina ba, ko da yake ni ina ganin laifin kaina. Kowace shekara idan ruwa ya janye, mukan bar Zagga mu sauka fadama noman shinkafa, mu yi wata uku a can. Kowa ya isa sai ya duba inuwa ya kafa tamfal ɗinsa. Ban da Kawu. Shi sai ya kwanta a ƙasa da babbar rigarsa, ya rufe ido, ya miƙe ƙafa. Wai ido yana ƙarya, baya ba ya yi. Idan bai gamsu ba ya tashi, ya taka goma, ya sake kwantawa. Mu kuwa muna tsaye a rana da itacen bukka a kai.

Wata shekara wasu fatake da suka ƙetaro daga Benin suka gan shi haka a bakin hanya. Bayin Allah suka ajiye kaya, suka lulluɓe shi da mayafi, suka kama salati. Sai gawa ta yi magana.

"Ku ɗauke abin ga, kun tare mini iska. In mutuwa zan yi ba nan ba, wurin ga da cinnaka."

Suka watse a guje, sai da na bi ɗayansu da takalminsa har bakin rafi.

Shimfiɗarsa buzu ce, fatar wani rago da ya girme ni. Na taɓa ɗauko masa katifa a kan babur tun daga Bagudo. Ya danna ta da yatsa, ya ce katifa munafuka ce, duk inda ka shimfiɗa ta sai ta ce maka lafiya lau. Washegari na tarar ya jingine ta a bakin bukka, ta zama ƙofa.

Abin haushin shi ne sau ɗaya ya yi gaskiya. Ya kwanta a inda muka saba sauka, ya tashi ya ce ƙasar tana da sanyin da bai yarda da shi ba, ya kwashe karan bukkarsa ya hau wani ɗan tudu mai ƙaya. Muka yi masa dariya. Kwana huɗu, ruwa ya tsattsafo ta ƙasa, muka wayi gari katifunmu sun sha sun ƙoshi. Yana zaune a tudunsa yana kurɓar fura, ya tambaye mu ko katifa ta ba mu labari tun da wuri. Da wannan rana guda ya riƙa rufe mana baki har ƙarshen ransa.

Gidan sauro ma na ba shi. Ya kewaye irin tattasai da shi don kaji, shi kuma ya ci gaba da turara kashin shanu a cikin bukka don korar sauro. Daga nan tarin ya kama shi. Da muka kai shi asibiti aka ce ya bar hayaƙi, ya bar kwana a ƙasa mai danshi, in ba haka ba ƙirjin ba zai kai shi nesa ba. Ran nan Inna, ƙanwarsa, ta kira ni ɗaki. Ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce ita ba ta isa ta tanƙwara yayanta ba, amma ni ina da keke da almakashi, in raba bayansa da ƙasa ko ta yaya. Na ce na ɗauka.

Na samo tanti na gwanjo a kasuwar bakin iyaka, mai tagogin raga da shimfiɗar roba a ɗinke ta ƙasa, ba ta inda sauro ko danshi zai shiga. Na kafa a tsakar gida. Kawu ya zagaya shi sau biyu kamar mai tayin sa, ya shiga, na ja zif. Ban kai ga sakin hannu ba ya ce in buɗe. Ya yaba rufin, ya yaba ragar, ya ce amma an toshe masa kunne. In cire robar ƙasa, zai kwana a ciki.

Na ce, "Kawu, don robar nan na sayo shi."

Ya ce, "To kai ka kwana da ita, tunda kai ka aure ta."

Shekara biyu muna wannan ja-in-ja. Na yi lallashi, na yi fushi, har na yi wata guda ban je gaishe shi ba, shi ya zo shagona ya zauna yana tari yana gyara mini yadda ake riƙe almakashi. Bana dai na gaji. Na ce zan yanka masa taga a robar, daidai faɗin bayansa, ya ɗora buzunsa a kai. Kai da ƙafa su huta da danshi, hayaƙi kuma a bar shi waje. Ya yi tunani, ya ce a ƙara ɗani guda. Mutumin da bai taɓa yarda na auna shi don riga ba, ran nan ya kwanta a dandaɓen shago na auna bayansa da tef. Da ya tashi ya ce shagon nawa ma ba wurin kwana ba ne.

Ya riga mu sauka fadama, ya ce in biyo shi da tantin ran Laraba. Ran Talata Malam Sani ya kira.

A maƙabarta na roƙi masu haƙa su matsa zuwa tudu. Ba wanda ya tambaye ni dalili. Da muka dawo na kasa haɗa ido da Inna, ita ce ta ce in zauna in ci abinci, ai yayanta ne, ta san abin da ta ɗora mini.

Allah ya jiƙan Kawu Altine, ya gafarta masa, ya yalwata makwancinsa, ya sa ya fi duk inda ya taɓa zaɓa wa kansa daɗi.

Tantin yana nan a kan keke. Na yanke tagar, na kalmashe gefe uku. Na huɗun ban ɗinka ba.