Ranar da Aka Ɗauko wa Yayana Taɓarya a Aliero

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Maiyama, ni da yayana da sandunansa biyu. Tun da ya faɗi da babur ya karye a ƙafa aka yi masa ɗori, amma wata da watanni ya ƙi taka ƙafar. Ga damina ta matso, ga iyali, gona kuma babu mai shiga.

A Jega muka tarar ranar kasuwa ce. Shanu da buhunan gero sun cushe hanya, mai motar da muka shiga yana ta zagin 'yan acaɓa. Muka karya da kunu da ƙosai, ƙosan ma ya ƙanƙance kamar ƙwallon goruba. Daga nan muka miƙe Aliero, inda warin albasa ya tare mu tun kafin mu ga gari.

Mai ɗorin da aka kwatanta mana dattijo ne siriri, ba ya dariya. Ya daɗe yana lalubar ƙafar, sannan ya ɗago.

"Ƙashin ga ya haɗu a karkace. Sai mun sake karya shi. Ku kawo taɓarya. Kai, riƙe min ɗan'uwanka."

Na rungume yaya ta baya, ina salati. Tsohon ya ɗaga taɓaryar sama da hannu biyu, ya auna ƙaurin. Ban san lokacin da yaya ya yi jifa da ni ba. Ina tashi na hango shi a ƙofar zaure yana haki, tsaye a kan ƙafafunsa biyu.

"Ƙahwa ta warke tuni," in ji tsohon, yana jingine taɓaryar. "Tsoro ya hana shi taka ta, shi ya sa na ba shi wanda ya hi shi."

Jama'ar da ke zauren suka kwashe da dariya, ashe sun saba gani. Ni kuwa na tsince sandunan yaya, ko godiya na manta ban yi ba.

Kafin magariba muka iso gida, yaya yana ɗingishi ba mai tallabe shi. Na koyi cewa tsoratarwa tana iya tayar da wanda lallashi ya kasa, amma ba ta tafiya haka nan, sai ta bar tabo. Da za mu shiga gida ya tsaya, bai ko dube ni ba, ya ce, "Ashe da gaske za ka riƙe ni a karya ni."