Yadda Muka Je Daura Ƙulla Yarjejeniyar Makamai

Da ƙarfe biyar da rabi na asuba muka bar Unguwar Gawo, ƙauyenmu mai gida tara a bayan Baure, ni da kawuna Mai Unguwa Ilu. Ɓarayi sun kore mana shanun noma huɗu. Kawu kuma ya ji a rediyo wata 'yar ƙaramar ƙasa ta ƙulla abota da wata babbar ƙasa, an ba ta makamai.

"Mu ma ƙaramar ƙasa ce," in ji shi. "Ɗauko biro, kai ne jakada."

Baure

Ƙarfe bakwai muka shiga bas, maza gaba mata baya, don shekarar aka fara shari'a. Zakaran da muka riƙo na gaisuwa ya zauna a cinyata. A hanya 'yan hisba suka shinshina gorar Kawu, suka tarar fura ce.

"Ina zuwa, Baba?"

"Harkar ƙasa da ƙasa."

"Allah Ya ba da sa'a."

Daura

Sha ɗaya saura kwata muka isa gidan Baushe Tanko, shugaban wasu mafarauta, wanda bindigogi suka cika wa zaure. Ya karɓi zakara, ya sa aka kawo ɗanwake, ya kira Kawu babban amini sau uku ba tare da ya tambayi sunansa ba.

Sai sharuɗɗa. Zai ba mu bindigar toka ɗaya. Mu kuma mu bar awakinsa su yi kiwo a fadamarmu har abada. Ba mai taɓa bindigar sai ƙwararrensa, wani ƙato mai suna Dogo, wanda cinsa da kwanansa ke wuyanmu.

Kawu ya ce, "Albarushi fa, ranka ya daɗe?"

"Yana nan wurina. In ɓarayi sun zo, ku aiko da wasiƙa."

Na taɓa Kawu, ya ture hannuna, ya dangwala yatsa.

Komawa

Dogo ya cinye kujera biyu, a Zango ya cinye tsirenmu. La'asar sakaliya muka iso gida, mata na guɗa. Mun gode wa Allah da Ya dawo da mu lafiya, da direban da ya yarda ya ɗaura bindigar a saman mota. Ko takalmi ban cire ba Kawu ya zaunar da ni.

"Rubuta wasiƙar albarushin yanzu. Ka bar gurbin kwanan wata, in sun zo sai mu cike."