Sahabi ya tafi ya bar mu da Bajamushiya

Da safen nan ina kara, kasuwar dabbobi, ina taya ragon sunan jikata, hannuna a kan gadon bayansa, sai waya ta yi ƙara. Nasiru ne, babban ɗan aminina Malam Sahabi na Arkilla. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne, "Baba, abokinka ya cika."

Na saki ragon.

Innalillahi. Mutumin da ya yi sallar asuba a masallaci da ƙafafunsa. Ya dawo gida ya ce ƙirjinsa, yara suka bazama ƙofa-ƙofa neman abin hawa, kafin a samo keke napep rai ya yi halinsa.

Mutum mai motar Jamus, ana nema masa keke napep.

Na san ajali ba ya jiran mota. Ko jirgi aka kawo, ranarsa ce. Amma ku bar ni in yi fushina, don tun safe nake kuka ina tsaki a lokaci guda.

Mun kai shi makwancinsa kafin azahar. Hanyar dawowa ta bi ta gaban garejin Modi makanike, ga motar tasa nan a gindin dogon yaro, an ɗora ta kan duwatsu, akuya na kwance a ƙarƙashinta. Nasiru ya tsaya ya dafa ta, hawaye na zuba. Ya ce, "Baba, wallahi sai na tada motag ga. Ko gonad Dundaye ta, a sai da ta a sawo injin. Ita Baba ka so."

Gonar nan ita ke ba gidan gero. Daga ita Hajiya Kulu, matar marigayin, ke ciyar da ƙannen Nasiru da ke makaranta. Rabinta ma tuni motar ta cinye.

Shi ya sa na zauna nake wannan rubutu, maimakon in sa hotonsa da addu'a kawai in yi shiru.

Ni da Sahabi a ajin yaƙi da jahilci muka haɗu, ajin yamma, gemunmu ya fara furfura. Ni in rufe shagon yadi in zo, shi ya taso daga aikin siminti a Kalambaina, kansa fari fat da ƙura. Muna zama kan bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa. Na so in gudu sau da yawa don kunya. Shi ke biyowa shago ya tsaya a kaina. "Mai Yadi, tashi mu tahi. Yadin ga ba ya guduwa."

In kun ga ina iya rubuta wannan yau, shi ne sila.

Lokacin da matata ta kwanta asibiti, kullum sai ya zo da fura daga gidansa. Bai taɓa tambayata ko ina bukata ba. Ajiyewa kawai yake yi ya zauna.

Wannan mutumin ne ya karɓi kuɗin sallamarsa daga aiki, ya je ya sayo motar Jamus 'yar Kwatano baƙa wul, kujerun fata, gilashi na sauka da kansa. Na ce, "Sahabi, mu da muka sha wuya kafin mu karanta Hausa, ka sayo motar da littafinta da Jamusanci?" Ya yi dariya ya ce, "Mai Yadi, kai ba ka san daɗi ba. Shiga ka ji sanyi."

Na shiga. Gaskiya akwai sanyi. Ba a jin rami, ba a jin ƙarar titi. Ranar na yarda Jamusawa sun iya mota. Shi ya raɗa mata Bajamushiya, unguwa ta ɗauka.

Sanyin bai kai ƙarshen damina ba.

Da farko wata fitila ta kama a gaban sitiyari, da rubutun da babu mai iya karantawa. Aka ce sai an sa mata kwamfuta. Mai kwamfuta ya karɓi nasa, ya ce sensa ce, sai an aiko daga Legas. Sensa ta zo, fitilar ta mutu, wata ta kama. Da fitilun suka yi yawa, Sahabi ya samo baƙin salatif ya liƙe su duka. Ya ce suna raba masa hankali.

Sai ta fara zafi. Modi ya buɗe ya ciro wani ɗan ƙarfe mai daidaita zafin injin ya jefar, ya ce na ƙasar ƙanƙara ne, a Sakkwato ba ya da aiki. Duk garejin garin nan haka suke yi wa motoci, wasu motocin kuma suna haƙura. Bajamushiya ba ta haƙura ba. Daga nan kullum da ledojin fiya wata a but, a tsaya a gefen titi ana ɗura wa lagireto kamar mai buɗa baki.

Shi ma bai raga mata ba. Motar da aka ƙera don manyan ofis, shi buhunan gero yake loda mata daga Dundaye, har da harawa. Ba ya wuce tsohuwa a hanya. Mai naƙuda a unguwa, Sahabi. Mai zuwa gaisuwar mutuwa ƙauye, Sahabi. Bai taɓa karɓar kuɗin mai a hannun kowa ba. Shakazoba ta zauna, ya gyara, ya sake lodawa.

Akwai ranar da aka ɗauko amarya a cikinta, ta mutu a tsakiyar shataletale. Ƙawayen amarya da gwaggwaro suka fito suna turi, ƙofar baya kuma ta ƙi buɗewa, amarya na ciki tana gumi. Sai janwe mai jan motoci ne ya kai ta gidan miji, da motar da amaryar gaba ɗaya. Angon har yau in ya gan ni sai ya sunkuyar da kai yana dariya.

Duk da haka ka kuskura ka ce ta lalace. "Ba ta ɓaci ba, hutawa takai." Wannan amsar kowa a Arkilla ya haddace ta. A majalisa in matasa suka tambaye shi ko su sayi irinta, sai ya gyara hula ya ce wanda bai hau motar Jamus ba bai hau mota ba.

Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi gaba da shi ta ɗan lokaci. Da ya sayar da rabin gonar don giyabos, har gida na same shi. Ya sa aka kawo mini fura.

A makon nan Allah ya sauki 'yata Balkisu lafiya, ta haifi mace. Jikata ta fari. Jama'a, ban san akwai irin wannan daɗin a duniya ba. Duk wanda ya shigo shago sai na nuna masa hotonta, har wanda ya zo tambayar hanya.

Sahabi ya riga ya rantse shi zai ɗauko mai jego daga asibiti. "Ɗiyata ba ta shiga keke da jinjira cikin ranag ga." Ya karɓo motar daga gareji, ya wanke ta da kansa, ya fesa turare. Muka zauna a barandar asibiti muna jira, Balkisu na zufa, jaririya na kuka. Da rana ta take na tsayar da keke napep. A hanya muka wuce shi, bonet a ɗage, hayaƙi na tashi, yana fifita injin da hularsa. Injin ya ƙone.

Da la'asar ya zo barka a bayan ɗan kabu-kabu, da sabulu da turmin atamfa. Wannan ne ganina da shi na ƙarshe.

Ya karɓi jaririyar ya yi mata addu'a, ya ce, "Amaryata, yi haƙuri, angonki ya ba ki kunya." Mata suka yi dariya. Shi bai yi ba.

Da na raka shi zaure ya riƙe hannuna. Ya ce, "Mai Yadi, motag ga ta cuce ni. Na daɗe da sani. Kunyar mutane ta hana ni hwaɗi." Na ce to a sayar mana. Ya ce bayan suna. Sannan ya ƙara, "In kuma ban kai ba, kak ka bari Nasiru shi taɓa gona. Yaron ga irin kaina gare shi."

Na ce ya daina maganar banza, rago ma ban saya ba.

Ɗazu bayan la'asar na ja Nasiru gefe a wurin zaman makoki, na maimaita masa maganar kamar yadda aka faɗa mini.

"Baba, da bakinai yac ce ta cuce shi?"

"Da bakinai, a zaurena."

Ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na rawa, na kasa gane kuka yake ko dariya. Da ya ɗago ya ce, "Shi da yab bugan don na ce mata akwala." Ya shiga cikin gida wajen mahaifiyarsa. Da ya fito ya ce sun yi magana, gona tana nan, mota kuma za ta shiga kasuwa in an tashi rabon gado. Shi ya ce in rubuta a nan, don masu zuga shi su gani su ƙyale shi.

Alhamdulillahi. Na ɗan sami numfashi.

Ban gama zama kan tabarma ba, Malam Bube maƙwabcinsu, wanda ya yi ritaya kwanan nan, ya matso kusa da kunnena. Wai ya ji za a sayar da Bajamushiya, nawa za a bar masa? Ai injin ne kawai matsalarta.

Malam Bube, na san kana karanta wannan. Je ka sayi shanu.

Ga masu tambayata ko irin motar nan ta cancanci wahalarta: in kana da kuɗin sayenta sau biyu, da wata motar da za ka hau ranar da take hutawa, bismilla. In kuɗin sallamarka ne, ko akwai gona a bayanka, ka ji abin da mai ita ya faɗa da bakinsa.

Allah ka jiƙan Sahabi. Ka dubi tsofaffin da ya rage wa hanya da marasa lafiyar da ya kai asibiti, ka yafe masa taurin kansa da sauran kurakuransa. Ka haskaka kabarinsa, ka ba Hajiya Kulu da yara haƙuri, ka sa albarka a gonarsu. Jaririyar da ya yi wa addu'a, Allah ka raya mana ita.

Duk wanda ya taɓa shiga motar nan, ko ya taɓa tura ta, don Allah ya tsaya ya yi wa Sahabi addu'a. Na san kuna da yawa.