Yatsan Ƙane a Gurbin Wa

Shekara ashirin da biyu na yi ina riƙe da kaye, wato littafin rajistar ma'aikata, a masana'antar man gyaɗa ta wata Hajiya a Tanout. Masana'anta dai don a ji daɗin faɗa. Injin matsa biyu ne, da rumfar suya, da mutum tara. Ni ke rubuta wanda aka ɗauka da wanda ya tafi, ni ke biyan albashi ƙarshen wata, ni kuma ke kai takardu Damagaram, ofishin da ke tara wa ma'aikata kuɗin tsufa. Hajiya ba ta wasa da wannan. Duk wanda ya shigo aikinta sai an yi masa rajista, ko da mai shara ne.

To amma mutanenmu suna da tasu dokar da ba ta cikin kowane kaye. Ma'aikaci in lalura ta same shi, ba ya neman hutu. Sai dai ka gan shi da safe riƙe da hannun wani, ya ce, "Ga wanda zai tsaya mini." Da damina kuwa rabin fuskokin rumfar sukan canja, sunayen suna nan yadda suke. Ban taɓa ganin laifin abin ba. Aiki yana tafiya, ni ma na huta da cike-cike.

Haka mai suyar gyaɗarmu ya zo mini da ƙanensa a shekarar da mahaifinsu ya rasu. Dabbobin gidan suna can wajen Tenhya ba mai dubawa, shi ne babba, dole ya tafi. Ya ce wata biyu ne. Ƙanen dogo ne marar magana, ya girme ni da kusan shekara goma, don haka Baba nake ce masa tun ranar farko. Da wata ya ƙare na nuna masa layin sunan wansa, ya tsoma yatsa a tawada ya dangwala, na miƙa masa albashi.

Wata biyu ya zama shekara. Wan bai dawo ba, ya zauna da dabbobi. Canja suna kuwa aiki ne ja: takardar barin aiki ta wan, sabon dosiye, wato fayil, na ƙanen, ga shi ba ya da takardar haihuwa sai an je kotu an nemo, sannan ni in hau mota zuwa Damagaram in yini a kan benci. Kullum sai in ce wata mai zuwa. Sau ɗaya tak na yi masa maganar, a shekara ta uku. Ya dube ni kamar na zage shi.

"A cire sunan Yaya? Haba Malam! Sai a ce na ƙwace masa gurbi yana raye."

Wallahi daɗi na ji, don ya sauke mini kaya. Ban sake tayar da zancen ba. Shekara goma sha bakwai yana tsaye a bakin wutar nan, gashin hannunsa duk ya ƙone, da hanci kawai yake gane gyaɗa ta yi. Shekara goma sha bakwai kuma duk abin da ake cirewa daga albashinsa, da abin da Hajiya ke ƙarawa, yana taruwa a ƙarƙashin sunan mutumin da ke bin raƙuma a daji.

Sai wan ya rasu. Muka je ta'aziyya, muka dawo. Bayan arba'in ɗansa, wanda ya yi lakol, karatun boko, har ya san kan takarda, ya shigo birona, ɗan ofishin da nake zama, da takardar rasuwa a hannu. Cikin ladabi ya ce ya zo karɓar takardun aikin mahaifinsa, don an gaya masa mahaifiyarsa tana da haƙƙi a kuɗin tsufan marigayin. Na buɗe kaye. A rubuce, da hannuna, marigayin ya yi shekara ashirin bai yi fashin wata ɗaya ba.

Na aika aka kira Baba daga rumfa. Ya shigo yana goge hannu a riga. Na yi masa bayani dalla-dalla, ban ɓoye komai ba. In na faɗi gaskiya a Damagaram, za a ci Hajiya tara, matar marigayi ta tashi a banza, shi kuma ba tabbas a yarda da shi, don ba inda sunansa ya fito. In na yi shiru, shekarun sun tafi gidan wansa. Ya daɗe yana kallon layin yatsun nan nasa, shafi bayan shafi.

"Ba su," ya ce. "Marayu ne."

Na ba su. Hajiya da ta ji, ta wanke ni tas a gaban kowa, kuma ta yi daidai. Ta ce a yi wa Baba rajista a ranar, ita za ta biya kuɗin kotu. Aka nemo takardar haihuwa, na ɗauko sabon fom. Wurin ranar fara aiki na rubuta ranar da muke ciki, don ba wata ranar da zan iya rubutawa. A ƙasa akwai layin da ke cewa sabon ma'aikaci zai yi watannin gwaji. Na karanta masa kamar yadda nake karanta wa kowa. Ya tambaye ni shekara nawa mutum ke yi kafin ya samu kuɗin tsufa. Na faɗa masa. Ya ƙirga da yatsu a kan gwiwarsa, ya ga ƙarfinsa ba zai kai shi can ba, ya dangwala a ƙarƙashin sunansa karo na farko. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba.

Ni na ma manta da batun gwajin. Shi bai manta ba. Ranar da watannin suka cika ya leƙo ƙofar biro, gemunsa fari fat, warin hayaƙi na binsa.

"Malam," ya ce, "an gama gwada ni. Na iya suyar, ko da saura?"